Kada Layi Mai Sauri Ya Tsallaka Tsaga: Jagora Ga Masu Zana Allon Lantarki

Akwai allon da za ka zana, manhaja ta duba ta ce babu kuskure, ka tura wa masu bugawa a Shenzhen, ya iso, ka bi shi da mita ƙafa-ƙafa ka tarar kowane layi ya je inda aka aike shi. Amma da ka jona shi da kwamfuta ta USB, yau ta gane shi, gobe ta yi kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Wani kuma aikinsa lafiya lau, sai dai duk rediyon da ya matso kusa da shi ya kama ƙara. Mutum ya canja IC, ya canja kebul, ya zargi masu bugawa, alhali ɓarnar tana can hawa na biyu ko na uku: wani layi mai sauri ne ya bi ta kan wurin da shimfiɗar tagullar da ke ƙarƙashinsa ta yanke. Mita ba ta kama irin wannan, domin a wurinta in dai layi bai katse ba to shi ke nan. Sai wanda ya san ta inda wuta ke komawa yake ganinsa.

Rabin hanyar da zane ba ya nunawa

A takardar zane layi ɗaya ake ja daga ƙafar wannan IC zuwa ta wancan, sai a watsa alamar GND nan da can, har mutum ya ɗauka da wuta ta isa GND tafiyarta ta ƙare. Ba haka ba ne. Duk wutar da ta fita daga ƙafar IC sai ta koma cikinsa, daidai yawan da ta fita, kuma a allo mai hawa-hawa ta shimfiɗar da ke dab da layin take komawa. Layi rabin hanya ne, shimfiɗa ɗaya rabin. Ƙarfin siginar ma a tsakaninsu yake tafiya, cikin siririn jikin allo na FR-4 da ya raba su. Shi ya sa faɗin layi da tazararsa daga shimfiɗa su ne ke yanke imfidans: ohm 50 ɗin nan da ake ta faɗa, ko 90 na tagwayen layin USB, ko 100 na HDMI da Ethernet.

To ta ina take bi a cikin shimfiɗar? Firikwensi ne ke yanke hukunci. Wutar batir ko ta 50Hz bazuwa take yi a faɗin tagulla, ta fi yawa ta gajeriyar hanya, domin turjiya kaɗai ke tare ta. Da firikwensi ya haura wajen 100kHz sai indoktans ya karɓe ragama, shi kuwa indoktans girman zoben da tafiya da komawa suka zagaye ne ke ƙara shi. Zobe mafi ƙanƙanta shi ne wutar komawa ta bi layin sau da ƙafa ta ƙarƙashinsa: ya yi kwana ta yi kwana, ya yi dogon zagaye ta bi shi, ko da kuwa akwai miƙaƙƙiyar hanya a buɗe.

Kuma ba ta bazuwa. Kusan kashi 80 cikin ɗari nata yana cikin tazarar da ba ta wuce ninki uku na tsayin layin daga shimfiɗa ba, dama da hagu. A allo mai hawa huɗu irin wanda aka saba bugawa, tsayin nan wajen milimita 0.2 ne, ninki ukunsa 0.6. Ke nan ko shimfiɗarka ta kai faɗin tafin hannu, abin da ya dami siginar ɗan zirin nan ne da bai kai milimita 2 ba da ke ƙarƙashinta. Idan zirin ya yanke, yawan tagullar da ke gefe ba zai cece ka ba. Howard Johnson da Martin Graham sun warware wannan a littafinsu High-Speed Digital Design tun 1993, kuma abin da ya canja daga lokacin shi ne IC sun ƙara sauri.

Wani abu da masu farawa ke mantawa: wutar komawa ba ta karanta sunan shimfiɗa. Idan ta 3.3V ce ta fi kusa da layin, ta cikinta za ta bi, sai a ƙarshen tafiya ta nemi sauka GND ta kafasitocin da ke gefen IC.

Wane layi ne mai sauri?

Wani zai ce ai allona 10MHz kawai yake yi, wannan magana ta masu PCIe da DDR ce. Agogo ba shi ne ma'auni ba. Abin dubawa shi ne lokacin da sigina ke ɗauka kafin ta tashi daga 0 zuwa 1. Ka raba 0.35 da wannan lokacin, za ka sami firikwensin da ke ƙunshe a gefen siginar: nanosakan 1 ya ba ka 350MHz, rabin nanosakan ya ba ka 700MHz. Layin SPI na 10MHz da ke fitowa daga STM32 ko ESP32 yana iya tashi cikin nanosakan ƙalilan, don haka duk bugun da ya yi yana ɗauke da ɗaruruwan megahaz. A cikin FR-4 sigina na cin kusan santimita 15 a nanosakan guda. Idan gefenta nanosakan 1 ne, tsaga kuma ta sa wutar komawa zagayen santimita 5, an ci kashi ɗaya cikin uku na lokacin tashin a hanyar banza. USB 2.0 mai 480Mb/s kuwa gefensa wajen rabin nanosakan ne, tsayin siginar kuma kusan 400mV kacal. Ba shi da rarar da za a yi wasa da ita.

Abin da ke faruwa a bakin tsaga

Kowa ya san yadda ake yi idan ruwan damina ya yanke hanya da kwazazzabo: dole a gangara a zagaya ta gadar da ta rage, tafiya ta ƙaru, kuma masu fitowa daga unguwanni daban-daban duk su cunkushe a wuri ɗaya. Haka wutar komawa take yi. Layin da ke sama ya tsallaka abinsa, ita kuwa ta iso bakin tsaga ta rabu biyu, ta bi gefen tsagar har ƙarshenta, ta zagayo ta dawo ƙarƙashin layin. Idan tsagar ta raba shimfiɗa gida biyu gaba ɗaya, sai ta nemi ko wace kafa: kafasita mai nisa, ko ƙarfen akwatin na'urar, ko kebul ɗin da ke fita waje.

Illa ta farko amsa-kuwwa ce. Zagayen nan indoktans ne da aka cusa a tsakiyar layi, imfidans ya yi tsalle sama a daidai wurin, wani ɓangare na siginar ya juya baya. Lissafinsa ba wuya: raba indoktans ɗin da ninki biyu na imfidans, ka sake raba sakamakon da lokacin tashi. Mu ɗauka zagayen ya ƙara 5nH, wanda ƙaramar tsaga ma tana kaiwa, a layin ohm 50 mai gefen rabin nanosakan. Amsar kashi 10 cikin ɗari ce, wato 0.33V a siginar 3.3V. Rarar da tsarin LVTTL ya bari tsakanin abin da mai aikawa ya yi alkawari da abin da mai karɓa zai yarda da shi 0.4V ce. Tsallake ɗaya ya kusa cinye ta. Amma ka lura, da gefen nanosakan 5 ne, da amsar kashi 1 ce tak, ba wanda zai ji. Wannan ne ya sa tsohon allo da ya shekara goma yana aiki yake fara rikici ranar da aka sa masa sabon zubin IC ɗin nan dai, wanda masu ƙera shi suka ƙanƙantar ya ƙara kaifin gefe.

Ta biyu katsalandan ne tsakanin layuka, kuma ita ta fi rikita mai bincike. A kan lafiyayyar shimfiɗa, layi biyu da ke da tazarar santimita ɗaya kusan ba su san da zaman juna ba, kowanne da zirinsa. Da sun tsallaka tsaga ɗaya kuwa, wutar komawarsu ta haɗu a ƙarshen tsagar, zobensu ya shiga cikin juna, abin da wannan ya yi ya bayyana a jikin wancan. Idan layukan bayanai takwas ne suka tashi tare, ƙarar ta taru ta faɗa wa na tara da ke zaune shiru. Sau da yawa na taran nan layin RESET ne, wanda aka bari ya tsallaka don an ce ai shi ba mai sauri ba ne. Gaskiya ne ba ya aika ƙara, amma yana karɓa.

Ta uku ita ce watsa ƙara a iska. Ƙarfin abin da zobe ke watsawa yana tafiya da girman zoben da kuma firikwensi sau kansa: firikwensi ya ninka biyu, ƙara ta ninka huɗu. Ita kanta tsagar eriya ce ta gaske. Tun 1938 Alan Blumlein ya ƙirƙiri eriyar tsaga a Ingila, ana yanka ta da gangan a jikin ƙarfe don ta watsa sigina, kuma ta fi ƙarfi idan tsawonta ya kai rabin zangon igiyar. Tsagar santimita 10 a fili tana amsawa a 1.5GHz, FR-4 kuma yana sauko da wannan ƙasa. Mai zanen da ya ratsa irin wannan tsaga da layin agogo ya ƙera eriya ya kuma ba ta abinci.

Mafi muni dai shi ne idan akwai kebul a kowane ɓangare na tsagar. Wutar da ke zagayawa tana haifar da ɗan bambancin ƙarfi tsakanin ɓangarorin biyu, wannan bambanci ya tura wuta cikin kebul ɗin, su kuma su zama fikafikan eriya. Ba a buƙatar da yawa. Mikro'amfiya 5 kacal a kebul mai tsawon mita ɗaya a 50MHz ta isa ta kai iyakar da hukumar FCC ta Amurka ta sa wa kayan gida. Wanda ke son kai kayansa kasuwar Turai ko Amurka a nan yake faɗuwa gwaji. Wanda ba ya nufin fita da su kuma kada ya ce ba ruwansa, domin ƙofar da ƙara ke fita ta nan ta waje ke shigowa: tartsatsin janareta, wayar salula a kusa, ko wutar jiki ta lokacin hunturu.

Inda tsaga ke fitowa

Wadda aka fi sani ita ce wadda mai zane ya yanka da hannunsa don raba GND na analog da na dijital. Niyyar mai kyau ce, kada ƙarar dijital ta shiga ma'auni mai laushi. Sai dai in ka tuna wutar komawa ƙarƙashin layinta take bi, za ka ga ba ta da dalilin shiga yankin analog sai in kai ka kai layin can. Henry Ott ya rubuta wannan a wata maƙala ta 2001 kan allo mai haɗa analog da dijital, ya maimaita a littafinsa Electromagnetic Compatibility Engineering na 2009: shimfiɗar GND guda ɗaya, a raba kayan yanki-yanki, kowane layi ya zauna a yankinsa. A ganina wannan ita ce shawarar da ta dace da mafi yawan allunan da ɗalibi ko ƙaramin kamfani zai zana. Ƙafafun AGND da DGND da ke jikin ADC su ne ke ruɗar mutane. Sunayen suna bayyana abin da ke cikin IC ɗin ne, ba umarnin yanka allo ba ne; Walt Kester na Analog Devices ya yi bayanin cewa a haɗa su biyun a waje ta mafi gajeriyar hanya.

Ta biyu ta fi yawa kuma ba a lura da ita. Tsarin hawa huɗu da kowa ya saba shi ne sigina, GND, shimfiɗar raba wuta, sigina. Hawa na ukun nan ake yanyankawa tsibiri-tsibiri: nan 5V, nan 3.3V, nan 1.8V. Duk layin da ke hawa na huɗu da waɗannan tsibirai yake tafiya, GND kuwa tana can sama da milimita ɗaya nesa a allon milimita 1.6, ba ta da ta cewa. Kowace iyaka tsakanin tsibiri da tsibiri tsaga ce.

Akwai kuma wadda ba wanda ya zana. Kowane ramin haɗi da ya ratsa shimfiɗar da ba tasa ba, ana share masa tagulla a kewaye. Jera irin waɗannan ramuka kusa da juna, a ƙarƙashin doguwar soket ko IC mai ƙafafu a ciki, sai sharar ta haɗe ta zama tsaga mai tsawon jerin. Maganinta sauƙi: a rage faɗin sharar ko a karkata ramukan, har zaren tagulla ya ratsa tsakanin kowane biyu. Shimfiɗa mai ramuka da ba su haɗe ba kusan lafiyayya ce.

A allo mai hawa biyu kuwa, duk layin da ka saukar ƙasa don ya kauce wa wani ya yanka GND ɗinka daidai tsawonsa. In dole ne, ya nutse ya fito cikin 'yan milimitoci, kada ya yi tafiya a can.

Yadda za ka bi aikin

Tun kafin ka ja layi ko ɗaya, fitar da jerin layukan da ba a wasa da su: agogo da kiristal, USB, HDMI, Ethernet, layukan ƙwaƙwalwar ajiya, SPI, layin eriya, da masu saurin kamuwa irin RESET da mashigar ADC. Sannan ka zaunar da kayan yadda analog zai kasance gefe guda, dijital gefe guda, mai sauya wuta da injin juyawa can kusa da inda wuta ke shigowa, ADC kuma a kan iyaka. Rabin matsalar a nan take mutuwa. Idan layi ya nace sai ya ratsa inda bai kamata ba, yawanci wani abu ne ya zauna ba a mazauninsa ba, kuma juya IC ɗaya ya fi kafasita goma.

Sai tsarin hawa. Hawa na biyu GND ne zalla, ba a jan layi ko ɗaya a cikinsa, komai matsi. Layuka masu sauri su zauna a hawa na ɗaya. Idan suna da yawa har sai an sauka hawa na huɗu, ka yi tunanin mayar da hawa na uku ma GND, ka kai wuta da faffaɗan layuka a hawan waje. Ƙananan alluna da yawa ba sa cin wutar da ta cancanci shimfiɗa sukutum. Wannan tsarin yana da wata riba. Layin da ya sauka daga hawa na ɗaya zuwa na huɗu ya canja shimfiɗa, wutar komawarsa ma sai ta canja, kuma ba ta ratsa tagulla ta faɗo. Idan duka biyun GND ne, ramin haɗin GND ɗaya a gefen ramin siginar, cikin milimita ɗaya ko biyu, ya gama magana. Idan ɗaya ta 3.3V ce, sai da kafasita, ita kuwa ga yadda take.

Kafasitar ɗinki ita ce maganin da kowa ke ambata: a ɗora ta a kan tsagar, ƙafa ɗaya a wannan tsibiri, ɗaya a wancan, wutar komawa ta bi ta cikinta. Ana sa 10nF zuwa 100nF, ƙarama irin 0402, kada ta wuce milimita 2.5 daga inda layin ya tsallaka. Tana taimakawa, amma ka san iyakarta. A 100MHz kafasitar 100nF ita kanta ba ta kai ohm 0.02 ba, sai dai jikinta da ramukan da suka kai ta ga shimfiɗa suna da wajen 2nH, kuma shi ne ke magana: ohm 1.3 a 100MHz, kusan ohm 13 a 1GHz. Don haka ƙara girman kafasita ba ya ƙara komai. Abin da ke ƙarawa shi ne gajarta ramuka, manna su a jikin ƙafar, da sa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu da layin. Ka kuma tuna ita ƙofa ce ta kowa: ƙarar da ke tsibirin 5V za ta bi ta nan ta shiga na 3.3V. Ga siginar ɗaruruwan megahaz magani ce mai amfani, ga PCIe ko USB 3 kuwa kada ka dogara da ita.

In dai sai an tsallaka, a tsallaka a miƙe, kada layi ya bi tsawon tsaga ko ya rungumi bakinta. Ya nisanci gefen shimfiɗa da aƙalla ninki ukun nan na tsayinsa. A matse tsagar iyakar abin da masu bugawa za su iya. A allo mai hawa shida ko fiye, lafiyayyar GND da ke manne da tsagaggiyar shimfiɗa, tazarar milimita 0.1 ko ƙasa, tana rage ɓarnar sosai, domin su biyun sun zama kafasita mai faɗi da ba ta da ƙafa. Kuma akwai magani na kyauta da ake mantawa: rage kaifin gefe. STM32 na barin ka ka zaɓi saurin kowace ƙafa a manhaja, rizista ta ohm 22 zuwa 33 a bakin ƙafar mai aikawa ma tana yin aikin.

Game da tagwayen layi, akwai maganar da ke yawo cewa su ba ruwansu da shimfiɗa, tunda abin da ɗaya ya kai ɗayan ke dawo da shi. Rabin gaskiya ce. A kan allo kowane ɗayansu ya fi kusanci da shimfiɗa fiye da ɗan'uwansa, saboda haka mafi yawan wutar komawarsa tana ƙarƙashinsa. A bakin tsaga wutar wannan takan juya ta zama ta wancan, shi ya sa tagwaye suka fi layi tilo jurewa. Amma imfidans yana tsalle duk da haka, kuma duk ɗan bambancin tsawo ko na lokaci da ke tsakaninsu yana zama wutar da ba ta da abokin sokewa, wadda ita tsaga ke watsawa. Idan ba makawa, su tsallaka tare, a wuri ɗaya, tsawonsu daidai kafin tsagar.

Tsagar da take halas

Ba kowace tsaga ce kuskure ba. Tsakanin ɓangaren wutar gida da ɓangaren da hannu ke taɓawa dole a raba, kuma rai ne a ciki. A nan babu tagullar da ke tsallakawa ko kaɗan. Sigina ta bi ta optokofla, ko taransifoma, ko IC mai keɓewa, kowane ɓangare da zobensa cikakke. Kada ka kuskura ka ɗinke wannan da kafasitar 0402. In ana buƙatar kafasita a nan, sai mai shaidar aji Y. Haka taransifomar Ethernet, wadda aka yi ta jure 1500V, da kuma filin da takardar ESP32 ta ce a share a ƙarƙashin eriya.

Masu ƙera inbata da na'urar cajin sola suna da uzuri na daban. Amfiya masu yawa a ƙaramin firikwensi bazuwa suke yi, suna iya ratsa yankin ma'auni su gurɓata karatun 'yan milibolt. Nan ma a fara da mazauni: hanyar babbar wuta ta zama gajera, can gefe, a ɗauko ma'aunin da tagwayen layi daga bakin rizistar awo. Idan bai isa ba, a yi yanka na rabin hanya ya tare babbar wutar, a bar gada mai faɗi, kuma duk layin da zai haɗa yankunan biyu ya bi ta kan gadar. Haka za ka yi idan takardar wani ADC ta dage sai an raba: gada a ƙarƙashinsa, babu tsallake a wani wuri.

Dubawa

Kafin ka fitar da fayilolin Gerber, cika shimfiɗu sabo, a KiCad harafin B ne, ka kashe duk hawa sai na ɗaya da na biyu. Haska layukan jerinka ɗaya bayan ɗaya, ka bi kowanne da ido daga ƙafa zuwa ƙafa, kana tambaya: akwai tagulla a ƙarƙashinsa duk tsawon hanya? Ka maimaita da hawa na huɗu da na uku. Altium na da dokar da ke duba hanyar komawa da kanta, amma ido ya isa ga ƙaramin allo. Ka kuma buɗe Gerber ɗin kansa, domin a nan sharar ramuka da ta haɗe take fitowa fili.

Idan allo ya riga ya iso, yanki kebul na eriya ka lanƙwasa bakinsa ya zama zobe kamar santimita ɗaya, ka rufe shi da tef, ka jona da na'urar tinySA ko osiloskof, ka bi saman allon a hankali. Inda ƙara ta bi wani miƙaƙƙen layi da babu kaya a kansa, tsaga ce a ƙasa. Maƙala wa kebul zoben ferait. In matsalar ta lafa, wutar da ta ɓace hanya ce ke fita ta nan. Inda ɓangarorin biyu duk GND ne kuma kana iya kai musu, kankare fenti ka ɗinke su da faffaɗan tef na tagulla dab da layin, ka sake gwadawa. Sirririyar waya mai tsawo ba za ta nuna maka komai ba, ita ma indoktans ce. Haka doguwar wayar GND ta bakin osiloskof: cire ta ka sa gajeren sifirin, in ba haka ba ƙarar ma'auninka za ka yi ta kallo.

Masu gyaran waya ma abin ya shafe su. Jampar da aka ja a layin caji ko ta yi tsawo ba komai, amma a layin sikirin, kyamara ko USB sai ta zama gajera, kwance a jikin allo, in tagwaye ne kuma tsawonsu ɗaya. Wadda ta yi baka a iska ta rabu da shimfiɗarta, kuma daga nan zane-zanen da ke fitowa a sikirin suke.

Idan dubawar nan ta nuna maka layin USB ko na agogo a kan tsaga, kada ka tura fayil ɗin da niyyar gyarawa da dalma in ya iso, domin hawa na ciki ba ya gyaruwa bayan an buga. Koma ka matsar da kayan, ko ka mayar da hawa na uku GND, sannan ka tura.